Kamfanin da ke sayar da layi: Yadda Disney ke tatsar biliyoyi daga wuraren wasa

Idan aka ambaci Disney a gaban matashin da ya tashi da talabijin ko waya a hannu, katun ne zai fara faɗo masa a rai: Mickey Mouse, Lion King, Frozen, ko finafinan Marvel da muke tura wa juna. Sai ka ɗauka a nan kuɗin kamfanin yake. To ba a nan yake ba.

A shekarar kuɗi ta 2024, Disney ya samu kuɗin shiga dala biliyan 91.4. Sashen da ke kula da wuraren wasa da otal-otal da jiragen ruwan yawon shaƙatawa da kayan wasan yara ya kawo kimanin biliyan 34 daga ciki, wato ya ɗan haura kashi ɗaya cikin uku. Amma da aka zo lissafin riba, wannan sashe shi kaɗai ya kawo biliyan 9.3 daga cikin biliyan 15.6 da dukkan sassan kamfanin suka samar. Kusan kashi 60 cikin 100 kenan. Finafinai da tashoshin talabijin da tashar wasanni ta ESPN da Disney+, duka su suka raba ragowar.

A taƙaice dai, lilo ne ke ciyar da gidan. Abin tambaya shi ne ta yaya, tunda filin wasa ba waya ba ce da za ka ƙera miliyan ɗari ka watsa duniya. Fili ne mai katanga da ƙofa, kuma akwai adadin mutanen da idan suka shiga ya cika.

Dala ɗaya a bakin ƙofa

Lokacin da Walt Disney ya fara maganar gina filin wasa a farkon shekarun 1950, masu ba da bashi ba su ga abin a matsayin harkar kirki ba. Wuraren wasan Amurka na wancan zamani sun yi ƙaurin suna da ƙazanta da 'yan damfara. Mutumin sai da ya ci bashi da inshorar rayuwarsa. Wadda ta fitar da shi kunya ita ce tashar talabijin ta ABC, wadda a lokacin ita ce ƙaramar cikin manyan tashoshi uku na ƙasar kuma tana neman shirin da zai jawo mata 'yan kallo. Ta zuba dala 500,000, ta tsaya masa a kan bashin dala miliyan 4.5, ta karɓi kusan kashi ɗaya cikin uku na filin. Shi kuma ya ba ta shiri duk mako mai suna Disneyland, wanda ya fara fita a 1954. Ka ga wayo: shirin talla ne na filin da ba a gama ginawa ba, kuma tashar ce ke biyan kuɗinsa. (Bayan shekara arba'in Disney ya dawo ya saye ABC ɗin gaba ɗayanta a kan dala biliyan 19, amma wannan labarin wata rana ne.)

An buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya ranar 17 ga Yuli, 1955, bayan an kashe dala miliyan 17 a kan filin da da gonar lemo ce. Ranar ba ta yi kyau ba. An buga tikitin bogi, jama'a suka yi yawa, rana ta narkar da sabuwar kwalta har takalman mata masu tsini suna nutsewa, famfunan ruwan sha kuma a bushe saboda masu aikin famfo sun yi yajin aiki. Duk da haka, kafin wata biyu su cika mutum miliyan ɗaya sun shiga.

Kuɗin shiga na babba dala ɗaya ne, amma shiga kawai ka biya. Kowane abin hawa da kuɗinsa daban. Daga baya aka fito da ɗan littafin tikiti mai haruffa daga A zuwa E, inda A ke kai ka ƙananan wasanni, E kuma manyan da kowa ke rububi. Sai a 1982 aka soke wannan tsari aka koma biya ɗaya: ka biya a ƙofa, ka hau duk abin da ranka ke so, sau nawa ka ga dama, muddin za ka iya bin layi. Riƙe wannan magana ta layi, za mu dawo kanta.

Lissafin harkar ba shi da wuya. Kuɗin gini da na gyara da albashin ma'aikata da wuta, duk sai an kashe su ko mutum goma ne suka zo ko dubu hamsin. Jirgin wasa mai hawa da gangara wuta ɗaya yake sha, ko kujerunsa a cike ko rabi. Don haka da zarar an mayar da kuɗin kashewa na ranar, kusan duk wanda ya ƙara shigowa riba ce zalla. Amma idan aka rufe ƙofa, nan ma asarar zalla ce. An ga haka lokacin korona: Disneyland ya zauna a kulle daga Maris 2020 har ƙarshen Afrilu 2021, kamfanin kuma ya sanar da sallamar ma'aikata 28,000 a watan Satumba na 2020, daga baya adadin ya kai 32,000.

Kada baƙo ya fita da kuɗinsa

Abin da ya fi ƙona wa Walt rai a Anaheim shi ne abin da ke bayan katanga. Filin da ya iya saye eka 160 ne kacal. Kafin ka ce kwabo, wasu sun kewaye shi da ƙananan otal-otal da gidajen abinci. Shi ya tara jama'a, su suke kwasar kuɗin kwana da na ci.

Shi ya sa da ya juya jihar Fulorida a tsakiyar shekarun 1960 ya yi abin a ɓoye. Aka kafa ƙananan kamfanoni da sunaye daban-daban suna ta sayen fadama da daji kusa da garin Orlando, ba tare da masu filayen sun san wa ke saye ba, don da sun sani da farashin ya yi tashin gwauron zabi. Aka haɗa eka kusan 27,000 a kan kimanin dala miliyan 5. Walt bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a Disamba 1966, yayansa Roy ne ya buɗe Walt Disney World ranar 1 ga Oktoba, 1971.

Ba fili kaɗai suka samu ba. A 1967 majalisar jihar ta ƙirƙiro musu wata gunduma ta musamman mai suna Reedy Creek, wadda a aikace kamfanin ke juya ta: hanyoyinta, ruwanta, 'yan kwana-kwananta, izinin gininta. A takarda har tashar nukiliya an yarje musu su gina. Sun ci moriyar wannan gata sama da shekara hamsin, sai a 2023 Gwamna Ron DeSantis ya ƙwace ikon naɗa shugabannin gundumar bayan kamfanin ya soki wata dokar makarantu ta jihar. An yi ta shari'a kafin a sasanta a 2024.

Yau a cikin wannan fili akwai manyan wuraren wasa huɗu, na wasan ruwa biyu, da otal-otal na kamfanin sama da 25. Manufar a fili take. Wanda ya kwana a otal ɗinka a wurinka zai karya kumallo, a wurinka zai ci na rana, a shagonka zai saya wa ɗiyarsa 'yar tsana. Kuma ba kwana ɗaya zai yi ba, mako zai kwashe. Daga 2005 kamfanin ya riƙa ɗauko baƙin otal ɗinsa daga filin jirgin sama a bas kyauta. Kyautatawa ce, eh, amma wanda aka ɗauko a bas bai yi hayar mota ba, wanda kuma ba shi da mota da wuya ya tsallaka gari ya kai kuɗinsa wurin abokin hamayya. Ko ka lura cewa in ka sauko daga manyan abubuwan hawa da yawa, hanyar fita ta cikin shagon tsaraba take bi? Ba kuskuren mai zane ba ne.

Yadda layi ya zama haja

Duk wanda ya taɓa kai ƙannensa gidan zu ko filin lilo ranar Sallah ya san cewa abin da ke ɓata wa mutum rai ba kuɗin shiga ba ne, tsayuwa ce. A Disney ana iya tsayuwar awa biyu don wasan da bai wuce minti uku ba. Kamfanin ma tsayuwar ba ta yi masa daɗi, don wanda ke kan layi ba ya sayen komai.

A 1999 suka fito da FastPass. Ka je gaban na'ura ka zari 'yar takarda da aka rubuta lokacin da za ka dawo, ka tafi yawonka ka sha askirim, in lokaci ya yi ka dawo ka bi gajeren layi. Kyauta ne. Mai kuɗi da talaka, duk wanda ya riga zuwa shi ya samu. Shekara ashirin ana haka.

Da aka dawo daga kullen korona, FastPass bai dawo ba. A ƙarshen 2021 aka maye gurbinsa da Genie+, wanda za ka biya dala 15 a Fulorida ko dala 20 a Kalifoniya, kowane mutum, kowace rana, ban da kuɗin shiga. Wasannin da suka fi farin jini kuma ba sa ciki, su sai ka sake biya daban. Farashin bai tsaya a nan ba, ya koma hawa da sauka gwargwadon cunkoso. A 2024 aka sake masa suna zuwa Lightning Lane, aka kuma ƙara wani mataki a sama, Premier Pass, wanda a ranakun cunkoso ya kai dala 449 a filin Magic Kingdom. Mutum ɗaya fa, rana ɗaya, kuma bai haɗa da tikitin shiga ba. A canjin da aka yi ta gani a 2025 wannan ya haura naira 600,000. A sama da shi akwai masu hayar ɗan rakiya na musamman a kan ɗaruruwan daloli kowace awa.

Tsaya ka dubi abin da ake sayarwa a nan. Ba a ƙara kujera ko ɗaya a jirgin ba, ba a gina sabon abu ba. Kujerun da za su ɗauki mutane a awa ɗaya suna nan yadda suke. Duk kujerar da aka ba wanda ya biya, daga bakin wanda ke tsaye a dogon layi aka cire ta. Yawan masu biya, ƙarin jinkirin marasa biya. Ƙarin jinkirin kuma shi ke sa uban da ya ga yaransa sun fara kuka cikin rana ya zaro waya ya biya shi ma. Haja ce da ke ƙirƙiro wa kanta kasuwa, kuma kuɗin samar da ita kusan babu. In ka ce tsarin tikitin A zuwa E ne ya dawo ta bayan gida, ba ka yi ƙarya ba, sai dai a wancan lokacin dala ɗaya aka karɓa a ƙofa.

Ƙofar ma ta canza. Tun 2016 kuɗin shiga ya daina zama ɗaya, ya koma kamar tikitin jirgin sama: ranar hutu da tsada, ranar da yara ke makaranta da sauƙi. A Oktoba 2024 tikitin rana ɗaya mafi tsada a Disneyland ya tsallake dala 200 a karon farko, ya kai 206. Mafi araha a lokacin dala 104 ne, kuma kamfanin ya sha nuna cewa bai taɓa shi ba tun 2019. Gaskiya ne. Sai dai ranakun nasa su ne waɗanda mai yara 'yan makaranta ba zai iya zuwa ba. Bas ɗin kyauta daga filin jirgi ma an daina shi a farkon 2022.

Sakamakon? Masu bin diddigin harkar sun ƙiyasta cewa Magic Kingdom, filin wasan da ya fi kowane karɓar baƙi a duniya, ya samu mutum kusan miliyan 21 a 2019, amma a 2023 bai kai miliyan 18 ba. Mutane sun ragu, riba ta ƙaru. A 2022 shugabannin kamfanin da bakinsu suka shaida wa masu hannun jari cewa abin da kowane baƙo ke kashewa a filayensu na Amurka ya haura na 2019 da kimanin kashi 40 cikin 100. Wannan shi ne amsar tambayar da muka fara da ita. Idan fili ya cika, ba ƙarin mutane kake nema ba, sauya irin mutanen kake yi.

A adalce, kamfanin na da hujjarsa. In an bar farashi a ƙasa, cunkoson zai kai inda ba wanda zai ji daɗi, kuma mutane ba su daina zuwa ba. Amma ni a ganina akwai abin da lissafin wata uku-uku ba ya nunawa. Mafi yawan masu kashe dubban daloli a yau, iyayensu ne suka kai su suna yara, lokacin da malamin makaranta ko direban bas zai iya tara kuɗin shekara ya kai iyalinsa. Yaron da ba a kai ba yau, me zai sa ya kai nasa bayan shekara talatin? Shi kansa Bob Iger, da aka dawo da shi shugabanci a Nuwamba 2022 bayan an sallami Bob Chapek (wanda daga sashen wuraren wasan ya fito), ya amsa a 2023 cewa a garin neman riba wataƙila sun wuce gona da iri a wasu farashin. An dawo da ajiye mota kyauta ga masu kwana a otal-otal ɗin Fulorida. Layin kuɗi dai yana nan.

Akwai inda kwaɗayin ya kai su ya baro. A Maris 2022 suka buɗe wani otal na Star Wars da aka gina kamar jirgin sararin samaniya, ɗakuna 100, babu tagar da ke kallon waje, kwana biyu na mutum biyu kusan dala 5,000. Watanni 19 ya yi aka rufe.

Masu murmushin

Ma'aikatan Disney World sun haura 70,000, kuma babu wani wurin aiki guda ɗaya a Amurka da ya kai shi yawan ma'aikata. Kamfanin ba ya kiran su ma'aikata, 'yan wasa yake ce musu, kamar waɗanda ke kan dandamali, don ko mai shara ana so ya yi aikinsa da fara'a. A 2018 wani bincike da ƙungiyoyin ƙwadago suka ɗauki nauyi a Disneyland ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka amsa sun ce albashinsu ba ya biya musu buƙatun wata, kimanin ɗaya cikin goma kuma sun ce sun taɓa rasa matsuguni a shekaru biyun da suka gabata. Kamfanin ya musanta ingancin binciken. Amma a Yuli 2024 sai da ƙungiyoyin da ke wakiltar ma'aikata kimanin 14,000 suka gudanar da ƙuri'ar amincewa da yajin aiki kafin a daidaita a kan mafi ƙarancin dala 24 a awa. Kafin ka buga lissafi da naira ka fara neman biza, tambayi kuɗin hayar ɗaki a kudancin Kalifoniya.

Da kuɗin wa za a gina?

A wajen Amurka, Disney ya gwada hanyoyi daban-daban, kuma kowace ta koya masa wani abu. Tokyo Disneyland da aka buɗe a 1983 ba nasa ba ne ko kaɗan. Wani kamfanin Japan, Oriental Land, shi ya gina, shi ke da shi, yana biyan Disney ladan suna da fasaha. Wurin ya yi kasuwa fiye da zato, Disney na kallo wani na kwashe kaso mafi tsoka.

Da aka zo Faransa sai suka ce wannan karon da mu za a ci. Aka buɗe Euro Disney kusa da birnin Faris a Afrilu 1992 da bashi jibge da ɗakunan otal sama da 5,000. Turai na cikin matsin tattalin arziki, mutane kuma sai su hau jirgin ƙasa daga Faris su wuni su koma gida, otal-otal a wofi. Har giya aka hana sayarwa da farko, a ƙasar da ba a raba ta da abinci, kafin a janye dokar. A 1993 asarar ta kusa dala biliyan ɗaya. Cikin waɗanda suka ceto wurin a 1994 har da Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya, wanda ya sayi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jarin. Sai a 2017 Disney ya mallake shi kusan gaba ɗaya. A Hong Kong da Shanghai kuwa haɗin gwiwa aka yi da hukuma, amma hukumar ce ke da rinjaye: a Shanghai, inda aka kashe dala biliyan 5.5 aka buɗe a 2016, kashi 43 cikin 100 ne na Disney.

A gida kuma an matsa masa. Kamfanin Universal, wanda tun da ya buɗe sashen Harry Potter a 2010 yake cin kasuwar Orlando, ya buɗe sabon katafaren fili mai suna Epic Universe a Mayu 2025, 'yan kilomitoci daga Disney World. Disney tun a 2023 ya sanar cewa zai zuba dala biliyan 60 cikin shekara goma a wuraren wasa da jiragen ruwa. Wannan kuɗi daga aljihun baƙi zai fito, don haka kada wanda ya sa ran tikiti zai sauko.

A watan Mayun 2025 ɗin dai aka sanar da wuri na bakwai, kuma na farko a Gabas ta Tsakiya: tsibirin Yas da ke Abu Dhabi, tafiyar kimanin awa ɗaya a mota daga Dubai da 'yan kasuwarmu suka sani. Tsarin Tokiyo aka koma. Kamfanin Miral na can, wanda dama shi ke da Ferrari World da Warner Bros. World a tsibirin, shi zai sa kuɗi, ya gina, ya gudanar. Disney zai zana, ya sa ido, ya karɓi lada. Hujjar da suka bayar ita ce kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna zaune a tazarar da ba ta wuce awa huɗu a jirgin sama daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba. Iger ya ce zane kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, gini kuma kimanin biyar.